Idon da Ba a Yi wa Wanka Ba

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.
Talata, 12 ga Rabi'us Sani.

Zuwa ga ƙanwata Bara'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji da yara da jikoki da duk mai ci a tukunyarki a can Kumasi. Allah Ya ƙara wa Alhaji sauƙin ƙafar nan da kika ce tana hana shi fita kasuwa, Ya rufa muku asiri, Ya sa ku gama lafiya. Mu nan gida sai godiya. Damina ta yi mana kirki bana, an yanke gero an kai gida, dawa ta sunkuyar da kai, masu gyaɗa sun fara cira. Yaya Malam Bahauddeen yana nan da makarantarsa, gemu ya gama yin fari amma muryar ba ta ragu da komai ba, har yanzu in ya daka tsawa a zaure sai kajin cikin gida su watse. Ɗana Usaini an mayar da shi aiki Gwaram, kullum yana bisa babur tsakanin can da nan, matarsa Munawwara kuma ta sauka lafiya, namiji, an yi wa Baba takwara, muna ce masa Abba. 'Yata Rufaida ce ke riƙe da alƙalamin nan. Tana gaishe ki, ta ce in gaya miki atamfar da kika aiko mata ta ɗinka har ta fara koɗewa, wai za ki gane abin da take nufi.

Kin yi ta kirana a waya kina tambayar ido, ni kuma ina ce miki alhamdu lillahi ina sauya zance. Ba rowar magana nake miki ba. Wayar nan ba ta san sirri ba, in na ɗaga murya don ki ji sai maƙwabta su riga ki ji, ke kuma na san halinki, buɗe ta kike yi ki ajiye a cinya jikoki suna kewaye da ke. Shi ya sa na sa Rufaida ta sayo littafin rubutu, na ce ta zauna ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, kada ta gyara, kada ta rage, ko da ita na zaga a ciki. Ga ta nan ta turo baki, ban gani sosai ba amma na ji a numfashinta. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba da karantawa, domin maganar tana da nauyi, kuma ni ce mai laifi a cikinta.

Kin san idona na dama ƙyanda ta tafi da shi tun kafin a haife ki. Da na hagun na yi rayuwa, na yi aure, na yi reno, har shekara shida da suka wuce da karan dawa ya tsokane ni a gonarmu ta Sundimina, hakiya ta hau, ta yi ta faɗi har ya zamana rana da inuwa kawai nake bambancewa. Amma bai hana ni aikin da Inna ta bar mini ba. Wankan gawa ba ido yake so ba, hannu yake so da natsuwa da riƙe baki. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk macen da ta cika a unguwar nan da kewaye ni ake aiko wa, kuma da na makance ma ba a daina ba, sai dai a riƙo sandata a kai ni bakin ƙofar ɗakin, daga nan hannuna ya san hanya. Na riga na sallama, na ce a haka zan ƙarasa. Yaran nan ne suka ƙi sallamawa. Usaini ya yi ta jigila da ni zuwa wani asibitin ido a Kano, har likita ya ce cikin idon lafiyarsa lau, tantanin nan mai haske da ke saman baƙin ido ne ya mutu, kuma ana iya yanke shi a dasa wani. Muka yi jiran fiye da shekara. Bayan Babbar Salla da sati biyu aka kira mu, aka yi aikin.

Ɗinki goma sha shida suka yi mini, Rufaida ta ce zaren bai kai kaurin gashi ba. Aka ɗora mini wani murfin roba mai huji-huji, aka jero mini dokoki har sai da na ce ko amarya ba a yi mata wannan faɗan. Kada in sunkuya, kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in murza, kada in kusanci hayaƙin murhu, salla ma a zaune da ishara. Babbar dokar kuwa, likita ya maimaita ta sau uku yana riƙe da hannuna, ita ce kada komai ya shiga idon nan in ba maganin ɗigawar da suka ba ni ba, ko ruwa, ko kwalli, ko tofin wani. Na ce masa ni ba yarinya ba ce, kada ya damu. Yanzu in na tuna wannan amsa sai in ji kunya ta rufe ni.

Ni duk zatona abin da suka dasa ɗin na roba ne, irin wanda ake sa wa masu yanar ido. Ashe likita ya yi bayani da Turanci tun farko, Usaini ne da ya zo mayar mini da Hausa ya haɗiye rabi, don ya san uwarsa. Ranar da muka koma dubawa ta biyu na tambayi likitan da kaina, don yana jin Hausa, cikin wasa ko wane kamfani ne ya ƙera mini sabon ido. Yaro ne mai gaskiya, ya ce ba ƙira ba ce, na mutum ne, wani ne ya rasu a wata ƙasa mai nisa bayan ya yi wasiyya a ba mabukata idanunsa. Ya ce bai san sunansa ba, bai san ko namiji ne ko mace ba, a 'yar kwalba ya zo cikin ƙanƙara ta jirgin sama. Ina jin haka tambaya ɗaya ce ta zo bakina, na ce shin kafin a yi masa wanka aka cire ko bayan an yi. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce dole cikin 'yan awoyi da cikawa ake cirewa, kafin a yi komai. 

Ke kin zauna a bayan Inna kin gani, ko da ba ki ɗauki aikin ba. Kin tuna yadda in tana tsefe kan mamaciya take tattara duk gashin da ya biyo mataji, ta dunƙule shi, ta wanke, ta sa a cikin likkafani. Ko farce ne ya ɓalle ba ta barinsa a ƙasa. Takan ce baiwar Allah da kayanta ta zo, da kayanta za ta koma, kuma ba za a ce a hannunta aka yi ragi ba. Haka na yi shekara talatin ina yi. To yau ga ni, akwai wani bawan Allah kwance a wani kabari da ban san inda yake ba, an binne shi da ragi, ragin kuma yana fuskata, bai ga ruwa ba. Na je na sami Yaya Malam na zazzage masa cikina. Ya ce dashen halas ne, mai kyautar ya yi sadakar da za ta bi shi, kuma ɗan abin da bai kai mafi yawan jiki ba babu wanka a kansa, balle ma yanzu ya zama naman mai rai, hukuncinsa hukuncin jikina ne. Har ya tsokane ni, wai ni ko a littafi sai na nemo wa kaina aiki. Kaina ya yarda da shi sarai, na san ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Zuciyar ce ta ƙi bin kan.

Daga nan na fara lura da abubuwa. Akwai wani sanyi da ya zauna a idon, ba sanyin magani ba, ko da rana tsaka ina zufa yana nan. Ban buƙaci a gaya mini ko na mene ne ba, hannuna ya san shi, shekara talatin yana taɓa irinsa. Sannan kullum da an kira la'asar sai idon ya fara zubar da hawaye shi kaɗai, ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba kuma wani abu a raina. Sai ki same ni ina hira da Munawwara ina dariya, gefe ɗaya na fuskata yana kuka. Ya yi kamar minti goma ya tsaya. Na ce a raina wataƙila a wannan lokacin mai shi ya cika, ko a lokacin ake tuna shi a gidansu. Wata rana Rufaida ta dawo daga Islamiyya ta same ni ina barcin rana har da minshari, amma idon a buɗe yana kallon ƙofa. Ta yi ta yi mini magana tana zaton a farke nake. Da ta gane, ta sa yatsa a hankali ta rufe fatar, tana ɗauke hannu ya sake buɗewa. Ta ce in bar wannan kada a rubuta, na ce ta rubuta. Likita ya ce kumburi ne da bushewa, ya ƙara magani, kuma ban ƙaryata shi ba. Amma na rufe idanun mata sun fi ɗari biyu, na san irin idon da ke ƙin rufuwa.

Kada ki ɗauka duk baƙin ciki ne. Wallahi Bara'atu gani ya fara dawowa, kuma daɗinsa ba ya faɗuwa. Wata na farko hayaƙi ne kawai da motsi. A na biyu launi ya dawo, na ga koren zogalen tsakar gida, na tsaya a gabansa har Rufaida ta zaci jiri ne ya kama ni. Na gane jar kazarmu daga baƙar, na ga shatin fuskar Abba, baƙi ne sitik kamar kakansa, ko da yake hancin da bakin ba su fito mini ba tukuna. Likita ya yi murna, ya ce dashe ya kama, ya sassauta mini dokoki, ya ce nan da shekara, in an cire zare an ba ni tabarau, har allura zan iya zura wa zare. Na fara lissafin zan koma karatun Alƙur'ani da idona maimakon da ka. Abu ɗaya ne ya ɓata mini wannan murnar. Ranar da na fara ɗaukar madubi na ga wata tsohuwa, ban yi mamaki ba, shekara shida ba wasa ba ce. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne irin kallon da idon ya yi mini daga cikin madubin, kallon da baƙo ke yi wa wanda bai taɓa gani ba. Na kife madubin, har yau yana kife. Matan unguwa kuma labari ya kai musu, wasu in sun shigo gaisuwa sai su janye goyonsu gefe, suna zaton ban gani ba, alhali yanzu ina gani.

Sati uku da suka wuce Talatu ta rasu a Gwaram, Talatun Gwaggo Kulu, sa'arki da kuke zuwa ɗiban ruwa tare. Na san Usaini ya gaya miki a waya, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Abin da bai gaya miki ba shi ne tun shekarun baya ta sa na yi mata alkawari ni zan wanke ta. Rufaida ta kafe ba inda za ni, ni ma na kafe, a ƙarshe muka shirya a kan zan je amma a kujera zan zauna, ba zan taɓa ruwa ba, baki kawai zan sa. Muka shiga motar farko, da hantsi muna can. 'Yarta Hafsat da wata maƙwabciyarsu suka yi aikin, ni ina gefe ina cewa a fara da dama, a sassauta hannu, a ƙara rufe nan. Abin da ke jikin Talatu amana ne, ba zai fito daga bakina ba. Abin da ya same ni ne zan gaya miki. Da suka buɗe fuskarta za su yi mata alwala, sai hayaƙin nan ya yaye gaba ɗaya, kamar an ɗage labule. Na ga tabon da ke girarta na faɗuwar da ta yi daga kan jaki muna yara. Na ga sauran kwalli a gashin idonta, ƙwaya-ƙwaya. Na ga ɗigon ruwa yana gangarowa ta gefen hancinta. Shekara shida ban ga komai tar haka ba, ko fuskar jikana ba a ba ni ba, sai fuskar gawa.

La'asar da sauran nisa, amma idon ya ɓalle da hawaye. Kuma ba Talatu yake kallo ba, ruwan yake kallo. Ludayi ya shiga ƙwarya ya bi shi, ya fito ya bi shi, a zuba a jikinta ya bi ruwan har ya sauka ƙasa. Na kawar da kai wajen bango, kafin in ankara ya komo. Kin ga yadda mai azumi ke kallon randa da yamma, to haka. Da aka zo wankan ƙarshe ƙamshin kafur ya tashi, sai sanyin nan ya ƙaru har cikin ƙashin fuskata. A nan na ji a jikina, ba a kaina ba, cewa wannan bawan Allah haƙƙinsa yake nema, kuma duk duniya an rasa fuskar da za a ɗinka shi sai ta mai wanka. Na ce wannan ba banza ba. Muka yi kwana uku muka dawo. Ina ninke mayafina a gida na ji ƙulli a gefensa, na kwance, sai ga dakakken ganyen magarya da ɗan gutsuren kafur, ragowar na Talatu. Ƙullin irin nawa ne, ba mai yin irinsa sai ni da Inna. Amma na rantse miki da Allah ban tuna lokacin da na ƙulla ba.

Kwana biyar ina fama da kaina. Ran Litinin bayan azahar, Rufaida ta tafi makaranta, Munawwara ta kai Abba awo, gida ya rage ni kaɗai. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi daidai yadda nake yi wa kowa, na jiƙa magaryar na tace da sabon ƙyalle, na rufe ƙofar ɗaki, don ba a wanka a buɗe. Na yi alwala. Da na zo niyya na tsaya, ban san ko in ce bawa ko baiwa ba, sai na ce na yi niyyar wanke wannan baƙo nawa wanda Kai Ka san sunansa. Na kwanta rigingine, na buɗe fatar da yatsu biyu, na zuba daga gefen dama zuwa hagu. Na farko yaji ne kawai. Na biyu na ji kamar an watsa yashi. Na uku shi ne mai kafur, kuma Bara'atu na haihu sau bakwai, ban taɓa cizon zane ba sai ran nan. Amma ban gajarta ba, na yi masa cikakke kamar na kowa. Na tsane da farin ƙyalle, na yi masa addu'ar da muke yi, na sa yatsa na shafo fatar ƙasa. Ta rufu, ta zauna a rufe. Ina kwance ina jin wuta a idon, sai na lura sanyin nan babu shi. Aka kira la'asar ina saurare, ko ɗigo bai zubo ba.

Rufaida tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa, hancinta ya gaya mata kafin bakina. Ta tashi a gidan da ƙamshin kafur abu ɗaya yake nufi. Ta tambaya wa ya rasu, na ce ba kowa. Ta ɗaga fuskata ta ga idon ya yi jawur ya kumbura, ta ga ƙwarya da ludayi a gefen gado, sai kawai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Wata uku yarinyar nan tana tashi tana ɗiga mini magani a kan lokaci, ko biki ba ta zuwa. Washegari da sassafe Usaini ya nemo mota muka tafi Kano. Likita ya daɗe yana leƙa idon a na'urarsa, sannan ya tambaya me na zuba. Na gaya masa, na kuma gaya masa dalili, ban ɓoye komai ba.  Sai ya ce ya ga masu sa nonon uwa, ya ga masu sa sukari da ruwan ganye don neman waraka, amma bai taɓa ganin wadda ta zuba abu a idonta don ta sauke haƙƙin wani ba. Ya ce kafur ya ƙona saman tantanin, zare ɗaya ya saki, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne jikina, wanda da ya yi shiru ya karɓi baƙon, yanzu ya farka ya fara yaƙarsa.

Yau kwana goma sha biyar ke nan. An yi mini allura a gefen idon, magani kuma duk awa ɗaya, Kano duk sati. Likita ya ce yana iya washewa, yana iya komawa fari kamar da, ba zai yi mini alkawarin da ba shi da iko a kai ba, wata ɗaya zuwa biyu za a sani. Ni dai ga abin da nake gani. Farin ya faro daga ƙasa, yana hawowa a hankali kamar yadda kindirmo ke fara kamawa daga gefen ƙwarya. Da safe hayaƙi ne, sai rana ta take yake buɗewa. Yanzu haka ina ganin hannun Rufaida yana tafiya a kan takarda, ina ganin mayafinta shuɗi ne. Satin jiya ina iya ƙirga yatsunta daga nan, yau sai ta matso. Wata rana in tashi in ga kamar farin ya ja baya, in yi ta hamdala, washegari in ga yana nan inda yake. Ina fata, wallahi ina fata, ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda nake son idon nan ya tsaya ba. Yaya Malam ya zo ya zauna a bakin gadona, bai ce ai na gaya miki ba, ya dai ce in nemi gafara don na cuci amanar da aka ba ni, kuma na nema. In kin tambaye ni ko na yi nadama, na yi, musamman in na ji Usaini yana tayar da babur ba tare da ya leƙo ya tsokane ni ba kamar da. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, tun ran nan idon yake rufuwa in na kwanta, sanyin bai dawo ba, kuma la'asar tana zuwa ta wuce fuskata a bushe.

Saura magana ɗaya, wadda ban gaya wa kowa ba, Rufaida ma yanzu za ta ji ta tana rubutawa. Likita ya ce in wannan ya mutu ana iya sake neman wani a dasa, ko da yake jiran da tsawo kuma na biyu bai cika kamawa kamar na farko ba. Usaini har ya fara cewa a sa sunana. Ba zan karɓa ba. Ba fushi ba ne, ba kuma raina ƙoƙarinsu na yi ba. Na san kaina ne. In an kawo wani, shi ma kafin wanka za a cire shi, zan yi wata ɗaya ina daurewa, in yi biyu, ranar da gida ya zama ba kowa zan ɗora ruwa. Ba zan sa a ɗauko kyautar wani bawan Allah, wadda za ta iya buɗe idon wani yaro ko wata mai goyo, a kawo wa matar da za ta ƙona ta da hannunta ba. Saboda haka wannan da ke fuskata shi ne na ƙarshe, in ya tsaya na gode Allah, in ya tafi na koma wa sandata. Alƙalami ya tsaya, na ji, na ce ta share fuskarta ta ci gaba.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce ina yi masa sannu da jiki. Ki gaida Khuzaima da maigidanta da yaransu, ki gaida Sada, ki ce masa na ji labarin shagon, Allah Ya sa albarka. Ki gaida Zubaida, ki ce har yanzu ina jiran hoton jaririyar da aka yi mini takwara, ko da yake yanzu gara a kawo ta da kanta. Yaya Malam yana gaishe ku, Gwaggo Kulu ma da na je ta'aziyya ta yi ta tambayarki, ta tsufa ƙwarai, rasuwar nan ta taɓa ta. Usaini da Munawwara suna gaisuwa.

Kin ce za ki zo da Ƙaramar Salla. Bara'atu, wata shida ne, ni kuwa wata biyu aka ba ni. Zuwanki na ƙarshe shekara huɗu ke nan, da hannu na gan ki, na shafa goshinki da kumatunki, kuma kin san irin fuskokin da hannun nan ya saba shafawa. Ba na so ya zamana wannan ne ganina da ke na ƙarshe. Kada ki tsaya haɗa tsaraba, kada ki jira ƙafar Alhaji ta warke, ki roƙe shi ya ba ki sati biyu. In kin iso ki daidaita shigowarki tsakanin azahar da la'asar, lokacin ne ya fi buɗewa. Ki yi sallama a hankali yadda ba zan ji muryar ba, ki tsaya a tsakar gida wajen zogale inda haske yake, kada ki faɗi sunanki, kada kowa ya gaya mini. Ki bari in fito in gane ki da kaina.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki riga farin isowa. Wassalam.

Yayarki mai begenki,
Safara'u,
da hannun 'yarki Rufaida.